Yadda zaka zaɓi keke marar giya na zuwa aiki a Jidda, kada a ɗora maka gawa

Salamu alaikum jama'a. Tun da na fara zuwa shago a keke ake tare ni da tambaya, a ƙofar masallaci, a bagala, wato kantin kayan masarufi na unguwa, har wani dattijo ɗan Damagaram da muke yawan haɗuwa a sahu ya riƙe min kan keken rannan yace "Malam wannan sikal ɗin naka a ina ka samo shi, kuma me yasa babu giya, ko kuɗin ne basu kai ba?" Nace Baba wallahi da gangan na neme shi haka. To na gaji da yiwa mutum ɗai-ɗai bayani a tsaye, shi yasa nace bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, wanda ya tambaya sai in tura masa.

Ni dai rusau ne ya kai ni ga keke. Da a Sabil nake, daga ɗakina zuwa shagon ɗinkin da nake aiki tafiyar minti goma ce a ƙafa, da aka zo aka kwashe unguwannin nan tsakanin 2021 da 2022, su Gulail da Petromin da Kandara da namu Sabil ɗin, kowa ya kama gabansa, shagon ya koma wani wuri ni ma na koma wani wuri, sai ya zama kilomita 7 ke tsakaninmu. Kuɗin mota zuwa da dawowa kullum in ka tara shi a wata sai kaga abinda ya kamata ka tura gida ne kake rabawa direbobi. Na je wani babban kanti na ga keke ja yana walƙiya, giya 21, sifirin gaba sifirin baya, na biya na hau ina jin kaina. Kyan ɗan maciji ne. Wata uku bai cika ba ɗan ƙarfen nan mai lilo da ke rataye a baya yana canja giya ya lanƙwashe saboda wani ya jingina nasa keken a kan nawa, daga nan kullum sarƙa na zamewa, in sauka a bakin titi in mayar da ita da hannu, in isa shago da baƙin mai a yatsu ni da zan taɓa farin yadin mutane. Kuma a giya 21 ɗin nan guda ɗaya tak nake takawa tun daga gida har shago. Na sayar da shi da asara na nemi marar giya, yau shekara ta uku kenan.

Fara da hanyarka, kafin ma ka kalli keke

Buɗe Google Maps ka saka gidanku da wurin aikinka ka ga kilomita nawa ne, sannan ranar Juma'a da safe da titi yake fayau ka bi hanyar da idonka. Abu biyu kake nema, tudu da manyan tituna. Jidda shimfiɗe take kamar tabarma, tudunta kawai kubri ne, wato gadar sama, da fitowa daga nafak, wato hanyar ƙarƙashin ƙasa, shi yasa marar giya yake yi mana daidai. In hanyarka bata wuce kilomita 10 ba kuma kubri ɗaya ne ko biyu, bismillah. Amma in a Makka kake, hawa da gangara ko ta ina, ko Ɗa'if, to gaskiya ka bar karanta wannan ka nemi mai giya, gwiwarka zata gode maka. Ɗalibanmu na Madina da ke zuwa Harami daga Jami'a su kam marar giya ya ishe su.

Titin Haramain da tsakiyar titin Madina ba wurin keke bane ko da wasa. Ka nemi hanyar cikin unguwa ko ƙaramin titin nan na gefen babban titi da ake ce wa kidma ko da zata ƙara maka kilomita ɗaya. Kuma ka lura da iska, a Jidda yawanci daga arewa take busowa ta ɗan karkato daga teku, tana ƙarfi da yamma, in komawarka gida arewa kake fuskanta bayan la'asar to kamar kana hawan tudun da baya ƙarewa ne, ka riƙe wannan zamu dawo kansa wajen maganar haƙora.

Wane irin marar giya

Iri uku zaka tarar kuma mai sayarwa duk sunansu ɗaya a wurinsa. Akwai irin na iyayenmu, baƙin nan mai birkin sanda da kariya a baya, su Phoenix na Shanghai da Flying Pigeon na Tianjin da Hero na Indiya, duk kwaikwayon tsohon Raleigh na Ingila ne. Ƙarfe ne zalla, yana kai kilo 18 zuwa 20, zai ɗauki katan ɗin ruwa da buhun shinkafa bai ce uffan ba, shi yasa ma'aikatan bagala da masu kai kaya suke sonsa. In a ƙasa zaka dinga ajiye shi babu laifi. In kuwa ɗakinka a hawa na uku yake kuma babu lif, ka tuna kullum sau biyu zaka saɓa shi a kafaɗa.

Akwai na zamani mai siririn jiki, kilo 10 zuwa 12, birkin waya, kai miƙaƙƙe. Shi nake hawa. Sai na uku wanda yake kama da shi sak a ido amma fedarsa bata hutawa, samari na ce masa fiksi, muddin taya na juyawa feda na juyawa, ka manta ka tsayar da ƙafa ya cilla ka sama. Wannan na 'yan wasa ne a Kornish, can bakin teku, kada ka saye shi don zuwa aiki. Gwajin mai sauƙi ne, ɗaga bayan keken ka juya taya ka riƙe feda, in ta tsaya tayar na ci gaba kana jin tik tik tik to mai hutawa ne. Wasu wilin baya haƙora biyu gare shi, gefe ɗaya na fiksi gefe ɗaya mai hutawa, sai a juya wilin kawai, wannan babu matsala kace a juya maka tun a wurin. Akwai kuma wanda birkinsa na baya a feda yake, in ka taka baya sai ya kama, yana da ƙarko sosai don komai a rufe yake ƙura bata shiga, amma sharaɗi sai da birkin hannu a gaba, don ranar da sarƙa ta fita shikenan baka da birki ko ɗaya.

Jikin keken ko ƙarfe ko alminiyom, in baka gane ba ɗora masa maganaɗisu, in ya kama ƙarfe ne. A Jidda gishirin teku da ruɗuba, wato danshin iska, suna cin ƙarfe kamar gara, duk inda fenti ya kware sati biyu zaka ga ja, alminiyom baya wannan tsatsar. Amma ƙarfe in ya tsage kowane mai walda zai ɗinke maka, alminiyom in ya tsage sai dai ka yi masa addu'a. In ka ga an rubuta 4130 a jikin bututun to ƙarfe ne mai kyau, mara nauyi, kada ka nuna wa mai shi ka gane.

In da jallabiya kake zuwa aiki nemi wanda sandar tsakiyarsa ta sauko ƙasa, kuma mai murfin sarƙa. Mutanenmu na cewa na mata ne, to su faɗa, ni na ga bakin farar jallabiya da sarƙa ta tauna.

Girma

Nan ne mutane suka fi yin kuskure, don a nan ƙasar in ka ce wa mai shago magas nawa sai ya ce maka 26 ko 28, wato girman taya yake faɗa maka, ba ruwansa da girman firam, alhali firam ɗin shi ne zai zauna da jikinka. Ka ratsa keken ka tsaya ƙafa biyu a ƙasa, ya kamata a samu sararin yatsa biyu ko uku tsakaninka da sandar sama. Sannan ka hau sirdi wani ya riƙe maka, ɗora dunduniya a kan feda ka kai ta can ƙasa, in ƙafarka ta miƙe sak to tsayin sirdi yayi, in ka koma takawa da gaban ƙafa gwiwa zata ɗan lanƙwasa kaɗan, haka ake so. Yanzu duba sandar sirdin, akwai wani zane da aka yi mata a jiki na iyakar inda za a iya zaro ta, in sai da aka wuce zanen nan kafin tsayin ya yi maka to keken yayi maka kaɗan, bar shi ko kyauta ne, wata rana zai fasa bakin firam ɗin kana kai. A ƙiyasi mai tsayin santimita 170 firam 52 zuwa 54 yake yi masa, mai 180 kuma 56 ko kusa da haka, amma kamfani da kamfani suna bambanta, hawa shi ne alƙali. Mu da yawanmu dogaye ne, kekunan da ke yawo a haraj, wato kasuwar kayan hannu, kuma da yawa ƙanana ne, kada gajiyar nema ta sa ka ɗauki wanda gwiwarka ke dukan kansa.

Ƙirga haƙora

Tunda giya ɗaya ce zaka rayu da ita, dole ka san wacce ce. Tsuguna ka ƙirga haƙoran farantin gaba da na ƙaramin na baya wanda masu gyara a gida ke ce wa firiwil, sau da yawa ma an buga lambar a jiki, 44T, 18T. Raba na gaba da na baya. 44 da 18 zai baka 2.44, ma'ana taki ɗaya cikakke taya ta juya kusan sau biyu da rabi. Tayar 700 mai matsakaicin kauri zagayenta wajen mita 2.17 ne, kaga taki ɗaya mita 5.3 kenan, in kana juya feda sau 60 a minti, wato sau ɗaya a daƙiƙa ba gaggawa, kana yin kilomita 19 a awa. 44 da 16 zai kai ka 21 da ɗoriya amma tashi daga ishara, wato danja, da nauyi. 48 da 16, wanda ake yawan gani a sirara na samari, kilomita 23 ne a lissafi, a zahiri kuwa ranar da iskar arewa ta tare ka a kan kubri kana ɗauke da leda biyu sai ka sauka ka tura. 44 da 20 yana da laushi sosai, kilomita 17, na mai ɗaukar kaya ne ko dattijo.

Ni 44 da 18 nake, kilomita 7 ɗina minti 25 zuwa 30 ne har da tsayuwar ishara, kuma ina isa ban jiƙe sharkaf ba, wanda a watan takwas a Jidda wannan ba ƙaramin abu bane. In tayarka 26 ce zagayenta ya fi ƙanƙanta, wajen mita 2.05, to 44 da 16 a kanta bai yi nauyi ba. Abin daɗin shi ne in keken ya yi maka ta ko ina sai haƙoran, kada ka fasa saya, firiwil abu ne mai araha ana kwance shi a ɗaura wani cikin minti goma, sai dai in ka ƙara haƙora biyu wataƙila a ƙara wa sarƙa gaɓa ɗaya.

Taya da bawul

Ka sayi keken da mai banshar ɗin unguwarku, wato mai faci, yake da tayarsa a rataye. Kafin ka je kasuwa ma ka biya ta wurinsa kace ya mu'allim wane magas ɗin kafar kake da shi kullum, wato wane girman taya, ka ji da kunnenka. Kuma kada ka yarda da lambar inci, akwai tarko a ciki. Abinda ake ce wa 28 iri biyu ne, na baƙin keken iyayenmu da na zamani, basa shiga wilin juna. 26 ma haka. Duba gefen tayar zaka ga wata lamba mai tsaga a tsakiya kamar 37-622, ta farko kauri ce a milimita, ta biyu ita ce ainihin girman wili. 622 shi ne 700 na zamani, 635 shi ne 28 na tsohon yayi, 559 shi ne 26 da aka fi sani, 590 kuma wani 26 ne daban. Ɗauki hoton lambar ka ajiye a waya. Ni na taɓa sayen taya "28" na ɗauko ta a wuya har gida, ta shige wilin kamar zoben da yayi yawa.

Kauri kuma tsakanin 32 da 40 ya fi. Siririyar nan ta 23 ko 25 tana gudu amma ramin titi da bakin murfin magudana da gilashin da ke zube a gefen hanya basa raga mata, kullum kana wurin faci. Mai ƙusoshin roba irin ta daji kuma wahala ce kawai a kan kwalta, ƙara take tana cin ƙarfinka. Bawul ka nemi mai kauri irin na mota, don kowane banshar da kowane gidan mai zasu iya yi maka iska. In siriri ne mai ɗan noti a kai to ka sayi ɗan adaftansa ka bar shi a aljihu.

Ina ake samu

Sabo akwai shagunan keke na cikin unguwanni, yawancinsu suna sayarwa suna gyara, kuma su na fi so don gobe in abu ya kwance ka san ƙofar da zaka buga. Akwai Decathlon, akwai noon da Amazon. In ka yi oda ta intanet a kwali zai zo ba a gama haɗawa ba, kada ka ce kai gwani ne, kai wa mai gyara, don na sha ganin wanda ya ɗaura fok, ƙarfen nan da ke riƙe tayar gaba, a juye birki na kallon baya, ko ya kashe zaren feda saboda bai san fedar hagu haggu ake ɗaure ta ba. Ka tambaya ko kuɗin da aka rubuta har da dariba, wato haraji, ta kashi 15, kuma ka karɓi fatura, wato rasit, da takardar daman, wato garanti.

Na hannu kuma ko manhajar Haraj ko ka je kasuwar Sawarik can kudancin gari. A Haraj rubuta sikal da Larabci, ko darraja hawa'iyya, in ka rubuta darraja kaɗai har babura zasu cika maka ido. Mafi daɗin samu shi ne wanda ya saya don motsa jiki ya hau sau biyar ya ajiye, ko mai tafiya kuruj niha'i, wato barin ƙasar gaba ɗaya, da yake son rabuwa da kaya kafin jirginsa. Ka nemi ya turo hoto ta gefen da sarƙa take da hoton lambar taya, ka tambayi tsayinsa shi mai keken, daga nan ma zaka san ko ya kai ka ɓata kuɗin mota. Kada ka tura arbun, wato kafin alƙalami, ga wanda baka gani ba.

Duba shi kamar zaka sayi ragon layya

Ka je da rana ko bayan la'asar da sauran haske, kada ka sayi keke a ƙarƙashin fitilar titi. Tafi da tsumma da ɗan tef ɗin awo, in da hali da abokin da zai dinga jan mai kayan da hira kai kana dubawa.

Firam tukuna, don shi kaɗai ne in ya lalace ba a canjawa. Goge duk mahaɗar walda da tsumma ka duba tsaga, musamman wuya da ƙasan inda feda take da bakin sandar sirdi. Shafa yatsa a ƙarƙashin bututun da ke gangarowa daga wuya, in ka ji wani ƙullutu ko ka ga fenti ya tattare a wurin to keken ya taɓa karo gaba da gaba, ko me mai shi zai rantse maka ka tafi. Koma gefe ka kalli fok, bai kamata ya karkata baya ba. Tsatsar sama-sama wadda ƙusa ke kankarewa a ga ƙarfe mai kyau a ƙasa ba komai bace, wadda ta kumbura fenti tana ɓarewa kamar ɓawon burodi ita ce mugun. Sabon fenti a kan tsohon keke kuma ka tambayi kanka me ake rufewa.

Kwance notin sirdi ka gwada ɗaga shi da sauke shi. Wannan kowa na mantawa, kuma a garin nan ruɗuba kan haɗe sandar da firam su zama abu ɗaya, na ga keken da mutum uku suka taru da babbar sifana suka kasa, in ya ƙi motsi kuma tsayin bai maka ba to ba naka bane.

Ɗaga gaba ka juya wili kana kallon tsakaninsa da robar birki, in yana rawa kaɗan ana miƙar da shi, in yana yin takwas ka cire kuɗin wili daga farashi. Bi wayoyin wilin bibbiyu kana matsawa da hannu, kada a samu tsinkakke ko sako-sako, 36 ne a yawancin masu ƙarfi. Kama tayar ka girgiza ta gefe da gefe, in tana ƙwas ƙwas boris ne, ƙaramin gyara ne amma abin ragi ne. Haka zaka yi wa hannun feda, kama ka ja waje ka tura ciki. Sannan matse birkin gaba ka tura keken gaba da baya hannunka ɗaya a wuyansa, in kana jin motsi wuyan ya saki.

Sarƙa ka danna ta a tsakiya, ta motsa sama da ƙasa kamar santimita ɗaya, ba ta yi tauri kamar tsirkiya ba kuma ba ta yi lilo ba. Auna gaɓa 12 cikakku, sabuwa santimita 30.5 ce, in ta kai 30.8 ta gama aiki kuma mai yiwuwa ta cinye haƙoran, duba su in sun yi tsini sun karkata kamar ƙaya. Sai ka leƙa inda aksul ɗin baya yake zaune, ramin ya zama dogo a kwance yadda za a iya jan wilin baya a ɗaure sarƙa. Wasu suna ɗauko tsohon mai giya su cire kayan giyar su yanke sarƙa su ce maka marar giya ne, in ramin nasa a tsaye yake babu yadda za a ja sarƙar sai an saka mata wani abin tokarewa, in babu shi kullum zata dinga fita.

Tayar da ta sha rana a saman rufi ko da haƙoranta sababbi ne zaka ga gefenta ya tsattsage, wannan matacciya ce, lissafa biyu sababbi da tiyub. Birki kuma ka tabbatar wane hannu ne na gaba, don irin na Ingila da Indiya dama ce gaba, wasu kuma hagu, ranar da mota ta buɗe maka ƙofa ba lokacin tunani bane.

Yanzu hau. Bar masa abokinka a tsaye a matsayin jingina, kada ka bar igamarka, wato katin zamanka a ƙasar, a hannun kowa. Yi gudu, taka a tsaye da ƙarfi ka ji ko feda zata zame, kama birki da ƙarfi, sassauta hannu kaɗan ka ga ko yana ja gefe ɗaya, in yana ja to wani abu ya lanƙwashe. Kasa kunne ka saurara, marar giya mai lafiya shiru yake.

Ƙarshe juya shi ka duba lambar da aka buga a ƙasan inda feda take. In an goge ta da abin gurza ko an cike ta da fenti, ko keke mai tsada ana baka shi a kuɗin cin abincin rana kuma mai shi na waige-waige, ka yi sallama. Mu baƙi ne a ƙasar nan, a kama ka da kayan sata ba maganar keke kaɗai zata zama ba. Ɗauki hoton lambar da hoton tallan da hirarku ta waya ka ajiye.

Ciniki da abinda zai biyo baya

Kada ka fara da "kam akir", wato nawa ne gaskiyarsa, fara da lissafa masa abinda ka gani, taya biyu, sarƙa, robar birki, kowanne da kuɗinsa da ka riga ka jiyo a wurin mai banshar, sannan ka taya. In kuɗin keken da na gyara sun haura kashi biyu cikin ukun sabo irinsa to sabon ya fi, ga daman. In ya ce albarka ka juya ka fara tafiya a hankali, sau da yawa kafin ka kai kwana zaka ji sadik ta'al, wato aboki zo. Kuma kada ka kashe duk abinda ke aljihunka a kan keken, ka rage na kwaɗo da fitila.

Daga wurin ciniki wuce wurin mai gyara kai tsaye, a buɗe cibiyoyin wili da wuya da wurin feda a zuba sabon giris, a shafa wa sandar sirdi ma, a miƙar da wili, a canja robar birki da wayarta in ta yi tsatsa. Saka kariya ko kwando, don jaka a baya a zafin nan rigarka zata manne da jikinka kafin ka kai ishara ta biyu. Fitila fara a gaba ja a baya, masu caji, mu da yawanci sai bayan isha'i ake tashi daga shago, ga hular kwano, ga rigar nan mai ƙyalli irin ta ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, eh za a yi maka dariya kwana biyu. Ka bi hannun da motoci ke bi, kada ka ga wasu na tafiya kishiyar hanya ka bi sahunsu, direban da ke fitowa daga lungu hagunsa yake kallo ba zai gan ka ba.

Kwaɗo ka sayi na ƙarfe mai siffar U ko sarƙa mai kauri, wayar nan mai roba almakashin ƙarfe ɗaya ne. Ka haɗa firam da wilin baya da abinda yake kafe a ƙasa, kuma wili ya zama na noti, sai ka riƙe sifana 15 a ƙarƙashin sirdi tare da kayan faci da ɗan famfo. Ka gaisa da harisin imararku, wato mai gadin gininku, ka tambaye shi inda zaka ajiye a inuwa nesa da inda mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ke ɗiga.

Sarƙa duk sati biyu goge ta da tsumma ka ɗiga mata mai ɗigo ɗaya a kowace gaɓa ka sake gogewa har sai kamar babu, ni man keken ɗinki nake sa mata tunda shi ne a hannuna, yana saurin bushewa amma baya tara ƙura kamar baƙin man mota. Iska duk Juma'a kafin in tafi masallaci, daidai lambar da aka rubuta a gefen taya, in rani ya tsananta in ɗan rage kaɗan tunda keken na wuni a waje. Ranar da hadari ya haɗo a watan sha ɗaya ko sha biyu kuma keken a ɗaki yake kwana, duk wanda ya ga yadda nafak ya cika a Nuwamban 2022 ba sai an gaya masa ba. Baba ɗan Damagaram dai mun yi da shi Juma'a mai zuwa bayan la'asar zamu Sawarik, yace shi baƙi mai kariya yake so, na ce masa ya zo da wandon da zai iya ratsa keke da shi.